Giram huɗu suka fitar da albasata daga gasar noma a Yorkshire

Har yanzu abin yana cin raina, shi ya sa na ga gara in rubuta, ko wani ɗan'uwa mai lambu a Ingila zai amfana. Albasata ɗaya ta ɗara ƙa'ida da giram huɗu, aka cire ni daga gasar gaba ɗaya. Ba a ce ba ta da kyau ba. Ba a ma kai ga duba kyanta ba.

Ina da ɗan fili cikin filayen da ƙaramar hukuma ke ba mutane haya su yi lambu. Maƙwabcina a wurin wani dattijo ne Bature da ya daɗe yana kai kayan lambu gasa, kuma shi ya zuga ni da ya ga yadda albasa ke yi mini kyau. Shi ne ya hana ni wahalar neman irin gida. Albasar Galmi da ta Aliero da gajeren yini suka saba, a nan kuwa hasken rana yakan wuce awa 16 a watan Yuni, sai albasar ta yi saurin ɗaure kai tun ganye bai kai ko'ina ba, ta tsaya 'yar ƙarama. Na bi maganarsa na dasa irin albasar da ake kira Sturon, ta kuwa ba ni abin da nake so.

Kafin nan na taɓa zuwa babban bajekolin noma na Yorkshire da ake yi a Harrogate a watan Yuli. Tun 1838 ake yin sa, an fara a birnin York, ya samu matsuguni na dindindin a Harrogate a 1951. Yanzu kwana huɗu yake ɗauka, ana ƙayyade yawan mutanen da ake bari su shiga kowace rana, kuma sai ka sayi tikiti tun kafin ranar. Wannan na ƙwararru ne. Wanda na shiga ƙarami ne, na yini ɗaya, a makiyayar wani ƙauye a farkon Satumba, irin wanda kowa ya san kowa.

A takardar ƙa'idojin gasa albasa kashi-kashi ce. Akwai na wadda ta haura giram 250, inda masu irin Kelsae ke baje kolinsu, waɗanda tun lokacin Kirsimeti suke shuka iri a cikin ɗumi. Akwai na giram 250 zuwa ƙasa. Gasar wadda ta fi nauyi kuma daban take, can ne ake ganin abin mamaki: a 2023 wani manomi daga tsibirin Guernsey ya kai albasa mai kilo 8.97 bikin furanni na kaka na Harrogate, ya kafa tarihin duniya. Ni dai na shiga na ƙananan, albasa uku, kowace kada ta wuce 250.

Ko girma ake so, ba shi kaɗai alƙali ke nema ba. So yake ukun su zama ɗaya a siffa, ɗaya a launi, wuya siriri a bushe, jiki da tauri, fata ba tsagewa. Don haka na tone su kusan wata guda kafin ranar, na wanke, na cire ɓawon da ya saki kawai, don idan ka fere ta har ta yi fari an rage maka maki. Na kwantar da su a kan dusar katako a inuwa ina juya su har fatar ta yi launin zinariya, na datse saiwa, na ɗaure wuyan kowace da zaren kaba. Duk wannan ya tafi daidai.

Wajen zaɓe ne abin ya lalace. Guda huɗu suka fito zakka. Uku sun yi kama da juna sosai, ta huɗun ta ɗan fi duhu. A cikin ukun akwai ɗaya da ma'aunin kicin ɗina mai allura ya nuna ta tsaya cif a kan 250. Ƙa'ida ta ce 250 ko ƙasa, ni kuma na yarda da ma'aunina. Ta huɗun, mai wajen giram 230, na tafi da ita don ko-ta-kwana, na bar ta a bayan mota.

Da sassafe ake jera kaya a cikin tanti. Lokaci na cika aka fitar da kowa, aka rufe, ba mai shiga sai alƙalai da masu taimaka musu. Wannan jiran shi ke ba mutum damar zaga fili, kuma a nan daɗin ranar yake.

Wajen tumaki na fi daɗewa. Masu dabba sanye da fararen riguna suna jere, alƙali yana bin su ɗaya bayan ɗaya: ya buɗe bakin rago ya ga yadda haƙora suka zauna, ya danna gadon baya, ya buɗa gashi har fata, ya sa a sake shi ya ga tafiyarsa. A karar dabbobi ta gida mukan fara da girma da ƙaho, su kuwa kowane iri da abin da ake nema a jikinsa. Swaledale, mai murɗaɗɗen ƙaho da baƙar fuska da farin hanci, tunkiyar tsauni ce, ana duba ƙashi da ƙafa da ingancin gashin da zai tare mata ruwa da sanyi. Texel kuwa nama ake dubawa, cinya da baya. Wensleydale gashinta ke zuba igiya-igiya yana sheƙi. Na ga yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba tana riƙe da ɗan rago a gasar yara, alƙali ya durƙusa yana tambayarta abin da take ba shi ya ci, tana ba shi amsa ba gargada. Wannan ya burge ni ƙwarai. Tun suna ƙanana ake nuna musu cewa kiwo sana'a ce mai daraja da ake tsayawa a gaban jama'a da ita.

Sai gasar karnukan kiwo. Makiyayi na tsaye wuri ɗaya yana fito, kare na can nesa yana tattaro tumaki, ya bi da su ta tsakanin ƙofofi, ya shigar da su garke, ba cizo, ba hayaniya. Can gefe ana gasar ginin katanga da dutse zalla, ba siminti ba laka: a rushe wani yanki na katangar gona, mutum ya sake ɗora ta cikin 'yan awoyi, alƙalai su duba har cikon tsakiya. Akwai masu sausayar tumaki da inji, akwai dawakan Shire masu jan kaya an yi musu ado da tagulla, akwai layin tsofaffin taraktoci, ciki har da ƙaramar Ferguson mai ruwan toka da aka ƙera a Coventry daga 1946 zuwa 1956, har yau tana tashi. A wasu wuraren, kamar ƙauyen Kilnsey, har tseren hawan dutse ake yi da ƙafa.

Ɗan'uwa Musulmi ya taho da guzurinsa, don gasasshen naman alade ya fi yawa a rumfunan abinci, kuma kada ka sa ran samun wurin salla, ni a gefen mota na shimfiɗa darduma. Ka sa takalmin roba, ka riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya yakan yi rauni a cikin kwarin.

Da aka buɗe tanti bayan azahar na nufi teburin albasa. Jan kati na wanda ya zo na ɗaya ne, shuɗi na biyu. A gaban tawa farin kati ne da haruffa uku, NAS, alamar kayan bai bi ƙa'ida ba, an rubuta 254 da fensir a ƙasa. Alƙalin bai tafi ba, na same shi, ya ɗora ta a kan ma'auninsa na lantarki a gabana. 254 ɗin ce. Ya ce mini an gyara su da kyau, da ba don nauyin ba da sai ya tsaya a kansu. Wannan maganar ta fi katin yi mini zafi, don a lokacin albasar da za ta cece ni tana kwance a bayan mota.

Kuɗin kyautar fam biyu ko uku ne, ba su ne damuwata ba. Aikin damina guda ne ya tafi ba tare da an auna shi da na kowa ba. Na yi ta cewa a raina me giram huɗu zai ƙara wa albasa. Amma sauran masu gasar ma suna da kyawawa da suka ɗara kaɗan, suka bar su a gida, don haka ban ga laifin alƙalin ba, ko da yake haushin bai sake ni ba.

Dattijon da ya ji, tambaya ɗaya ya yi mini: da wane ma'auni na auna? Ya ce ba mai kai albasar da ta tsaya a bakin iyaka, tsakanin 220 da 240 ake nema. Shi tun tana ƙasa yake auna kewayenta da tef, wadda ta kai girman da yake so ya tone ta ranar, ya bar saura su iso, shi ya sa nasa ke fitowa ɗaya. Ma'auni kuma na lantarki, a gwada shi da abin da aka san nauyinsa. Kwabon fam ɗaya giram 8.75 ne, goma su ba ka 87.5. Idan ka yi shakkar ɗaya, sa wadda ta fi ƙanƙanta ko da launinta ya ɗan bambanta. Bambancin launi maki kaɗan zai ci maka, wuce nauyi kuwa fitar da kai yake yi.

Takardar ƙa'idojin ma a karanta ta layi-layi, har adadin da aka ce a kawo, don ƙara ɗaya ko rage ɗaya shi ma NAS ne. Ana rufe rajista tun kafin ranar, kuma ba a ɗauke kaya daga tebur sai lokacin da aka tsayar da yamma. Baɗi in Allah ya kai mu zan koma da albasa, zan kuma gwada ƙananan albasa masu 'ya'ya da Turawa ke jiƙawa a ruwan tsami. Su ba nauyi ake dubawa ba, zobe ne mai faɗin milimita 30, dole kowace ta wuce ta cikinsa ba tare da an tura ba.