Kafin Ku Nemi Tallafin Karatun Ilimin Muhalli

Ƙannena masu neman tallafin digiri na biyu ko na digirgir a fannin ilimin muhalli, bari in fara da inda na fi tafka asara, wato takardar da mutum ke bayyana dalilinsa na neman tallafin. Tawa ta farko na cika ta da zancen ɗumamar duniya, da narkewar ƙanƙara, da muradun ci gaba mai ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya. Duk gaskiya ne, amma babu layi ɗaya a cikinta da ɗan Indiya ko ɗan Kenya ba zai iya sa wa hannu ba. Masu tantancewa sun fi ni sanin waɗannan abubuwa. Abin da ba su sani ba, wanda kuma saboda shi suke zuba kuɗinsu, shi ne halin da garinmu ke ciki. Ko kiran ganawa ban samu ba.

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, abin rubutawa yana nan a ƙofar gida. Ku dubi fadamar Haɗeja da Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi. Ku dubi gubar dalma da ta ɓulla a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara sama da 400 suka rasu. An kankare ƙasar gidaje, an yi wa yara magani, amma muddin ana ci gaba da niƙa duwatsun zinariya a tsakar gida inda yara ke rarrafe, gubar za ta dawo. Hana dawowarta aikin mai koyarwa ne: wa zai zauna da masu haƙa, da wane harshe, kuma ta yaya zai faɗa musu ba tare da ya ce su bar abincinsu ba?

Sannan ga jihar Maraɗi. Daga shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan itatuwa su sake toho a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo ya dawo gonaki, kuma an ƙiyasta cewa filin da ya farfaɗo a Nijar ya kai kimanin hekta miliyan 5. Yawancin wannan ilimi daga bakin manomi ya tafi kunnen manomi. A ganina, wanda ya iya bayyana yadda hakan ta faru, da dalilin da ya sa dashen itatuwa na biki ke mutuwa kafin damina ta zagayo, ya riga ya samu tambayar binciken da za ta riƙe shi shekaru.

Wani kuskurena kuma, ban bambance ilimin muhalli da kimiyyar muhalli ba. Aikina koyarwa ne, amma na zaɓi kwas ɗin da rabinsa awon ruwa da ƙasa ne a ɗakin gwaje-gwaje, don kawai sunansa ya burge ni. Takardata na maganar ɗalibai, kwas ɗin na maganar sinadarai. Fannin namu yana da nasa tushe, tun taron ilimin muhalli na 1977 da UNESCO ta shirya a birnin Tbilisi, kuma tambayoyinsa na mutane ne: yadda ake sa batun a manhaja, yadda ake horar da malamai, yadda saƙo ke isa ta rediyo, ko huɗubar Juma'a, ko Islamiyya, ko bakin Sarkin Noma. Ku buɗe jerin darussan kwas ku karanta ɗaya bayan ɗaya kafin ku zaɓa.

Sai batun shaidar aiki. Chevening, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana neman aikin shekara biyu, wato awa 2,800, kuma aikin sa kai yana shiga lissafi. Shirin DAAD na Jamus mai tallafa wa kwasa-kwasan raya ƙasa shi ma shekara biyu na aiki yake nema, kuma a ƙa'ida kada digirinka ya wuce shekara shida da kammalawa. Na yi aikin, na kafa ƙungiyar muhalli a makarantar da nake koyarwa, mun yi dashe da ɗalibai. Amma ban riƙe komai a rubuce ba. Babu wasiƙar shugaban makaranta, babu adadin yaran, ban kuma koma na ƙirga itatuwan da suka tsallake rani ba. Da aka ce in nuna tasirin abin da na yi, sai na koma zance na gaba ɗaya. Ku sayi littafi tun yau, ku riƙa rubuta rana da wuri da adadi, har da abin da bai yi nasara ba. Wanda ya ce ya dasa ɗari, talatin suka rayu, ga dalili, ga abin da ya canza a shekara ta biyu, ya fi mai cewa ya dasa dubu ya yi shiru.

Takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Cikakkiyar takardar makin da jami'a ke aikawa, fasfo, da malamai biyu da za su rubuta muku shaida, ku fara nemansu watanni kafin a buɗe fom. Ni na jira sai da aka buɗe, lokaci ya ƙure mini. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, don haka kada ku rubuta ta da wuri ƙwarai. Chevening kan buɗe a Agusta ta rufe a Oktoba ko farkon Nuwamba. Tallafin Commonwealth na digiri na biyu yakan bi ta hukumar da ƙasa ta wakilta, a Najeriya Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai kuma nau'in da ake nema ta jami'o'in Birtaniya. 'Yan Ghana da Kamaru suna ciki, 'yan'uwanmu na Nijar ba sa ciki, su dubi DAAD da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda ke ba da Yuro 1,400 a wata, ana kuma karatu a ƙasashe biyu ko fiye.

Na kuma raina na kusa, idona na kan Turai kawai. Ga WASCAL, cibiyar nazarin sauyin yanayi ta Afirka ta Yamma da Jamus ke ɗaukar nauyinta, tana da shirye-shiryen sauyin yanayi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da ta Akure, da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Ga Cibiyar Noman Yankunan Busassun Ƙasa a Jami'ar Bayero, Kano. Ga APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye a Jos, mai horar da masu kare halittu. Ba dukansu ne ke ɗauke da sunan ilimin muhalli ba, amma mai son binciken yadda manoma ko makiyaya ke koyon sabon abu zai iya samun gurbi, kuma filin bincikensa na kusa da shi.

Idan tayin ya zo, ku karanta abin da ya ƙunsa da idon basira. Akwai wanda kuɗin makaranta kaɗai yake biya, ko rabinsa, ya bar maka jirgi da biza da haya da abinci, wanda a canjin Naira na yanzu zai iya cinye gonar gado. Ku tambaya a rubuce ko akwai kuɗin zuwa filin bincike, domin mai nazarin kachala dole ya zo Nguru. Chevening da DAAD da Commonwealth ba sa sayar da fom, duk wanda ya nemi kuɗi a WhatsApp da sunansu ɗan damfara ne. Masu iyali kuma su sani Chevening ba ta ɗaukar nauyin mata da yara, tana kuma sharɗanta a koma gida aƙalla shekara biyu bayan kammalawa. Ku zauna da iyalanku a kan waɗannan biyun tun kafin ku cika fom.