Bencin Shagon Kawu

Duk lokacin da na ce a fitar da bencin nan daga shago, amsar Kawu ɗaya ce: "Kai dai tsaya ga kanta, ka bar mini bencina." Ni kuwa lissafina daban ne. Bencin ya cinye wurin da zai ɗauki kanta guda ta littattafan firamare, waɗanda su ke biya mana kuɗin hayar shago. Masu zama a kansa kuwa, in ka ga ɗayansu ya sa hannu a aljihu, to goro zai ciro.

Shekara shida ke nan ina tsare masa shagon daga azahar zuwa magariba, bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa. Ɗan ƙaramin shago ne a cikin birnin Kano, ƙofa ɗaya, ba taga. Hannun dama littattafan addini ne da muke sarowa a Kurmi, masu rawayar takarda, da Alƙur'anai bugun Warshu da na Hafsi, da alluna a rataye. Hannun hagu na boko ne. Ciniki kuma da lokacinsa: watan Satumba iyaye su cika ƙofa da takardar jerin littattafai a hannu suna neman ragi, daga Sha'aban zuwa azumi a koma kan Alƙur'ani da tafsiri. Sauran watanni sai dai biro da littafin rubutu.

Can ƙurya, inda ƙura ta fi yawa, nan littattafan hikaya na Hausa suke, kuma su ne suka gina shagon. Akwai wani tsohon littafin lissafi mai baƙin bango da Kawu yake ajiyewa a ƙasan aljihun tebur, na haya ne. A shekarun 1990 yawancin mata ba saye suke yi ba, haya suke karɓa, kwana biyu a dawo da shi. Ba su kuma zuwa da kansu, yaro ake aikowa da 'yar takarda a dunƙule a hannu. Shi ya sa babu suna ko ɗaya a littafin, sai dai "amaryar gidan mai itace, na biyu", "matar direba, ta dawo da na ɗaya, saura na uku", "gidan mai soro, shafi huɗu sun yage". Marubutan lokacin sun san hannunsu, sai labari ya kai inda ba a iya barci sannan a ce mu haɗu a littafi na biyu. Kawu ya ce ya sha ganin yaro ɗaya ya dawo sau uku a yini ana tambayar ko na biyun ya fito. Da dare kuma ya zauna da allura da zare yana ɗinke waɗanda suka sha hannu, ya yi musu bango da kwalin sabulu.

A 2007, da aka tara irin waɗannan littattafai aka cinna musu wuta a bainar jama'a a wata makarantar 'yan mata, Kawu ya kwashe nasa ya kai gida na 'yan watanni. Amma ba wutar ce ta kashe hayar ba. Waya ce. Yau marubuciya tana sakin labarinta babi babi a WhatsApp, mai so ta tura kuɗi a sa ta a rukuni, wadda ba ta son karatu ta saurara a YouTube tana girki. Ga tsadar takarda da ta sa buga littafi ya zama sai mai ƙarfi. Ba na ganin laifin kowa, ni ma da waya nake kwana.

Bara, da 26 ga Agusta ta gabato, ranar da tun 2015 ake kiranta Ranar Hausa ta Duniya, na ce wa Kawu mu yi ɗan zama a ƙofar shago. Niyyata, ba zan ɓoye ba, a rage kayan ƙuryar nan. Muka ari kujeru goma sha biyu da tabarma biyu, na sayo kulolin zoɓo, na gayyato wata ɗalibata ta da, wadda yanzu take rubuta labari a waya, har ta taɓa tura gajeren labari gasar Hikayata ta BBC Hausa. Ta zo da ƙawayenta biyar da yayanta. 'Yan benci kuwa ba su buƙaci gayyata ba, dama suna nan: tela, da mai gyaran agogo, da wani tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya, wanda kullum yake karance jaridarmu tsaf ya ninke ya mayar.

Ta fara karatu daga wayarta, murya na rawa. Labarin wata yarinya ce da aka kai riƙo gidan gwaggonta. Ba ta yi shafi biyu ba wuri ya yi tsit, har tela ya daina taunar goro. Da ta tsaya, Malam ya miƙa hannu.

"'Yata, ba ni abin nan in gani da idona."

Ya gyara tabarau, ya nisanta wayar da fuskarsa, ya ɗan jima.

"Nan kin rubuta 'kafa'. Me aka kafa? Ko ƙafa kike nufi? Ina lanƙwasar? Nan kuma kin haɗe 'ta ce' ta zama 'tace', kamar ana tace koko."

"Baba, masu karatuna suna ganewa."

"Suna ganewa don sun riga sun san Hausa. Tun shekarun 1930 mutane suka zauna a Zariya suka sha wahala kan haruffan nan, ku kuma kun zubar da su a yini ɗaya."

Na ɗauka za ta yi shiru, irin na kunyar manya. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya huci zuciyarku, Baba. Amma da na tsaya sai na iya lanƙwasa, da har yau ba wanda ya san labarin yarinyar nan." Mai gyaran agogo ya yi dariya har da buga cinya. Ni dai a raina kowannensu da gaskiyarsa, sai dai na fi karkata ga Malam, domin ni nake duba rubutun yara a aji, na san abin da waya ta yi musu.

Ana cikin haka hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan Agusta ba ya sallama. Muka kwashi kujeru a guje, mutum kusan ashirin muka cusu cikin shagon da ba ya ɗaukar takwas, matan a kan benci, mu a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Kwanon rufi ya fara yoyo daidai kan littattafan lissafi na aji huɗu, na tara bokiti, amma goma sha ɗaya sun riga sun jiƙe. Wuta ta ɗauke. A cikin duhun nan, ga ƙarar ruwa a kan kwano, sai muka ji muryar Malam:

"To, 'yata, gwaggon nan ta gane kuɗin ba ita ta ɗauka ba?"

Ta ci gaba da karatu da hasken wayarta har aka kira magariba. Cinikin ranar littafi uku ne, ɗaya ma bashi.

Malam ba ya WhatsApp, wayarsa 'yar ƙarama ce mai madannai. Don haka yanzu duk Asabar ita take turo mini sabon babi, in kai shagon kwamfuta a buga mini, Kawu ya ɗinke da allura ya yi masa bango. Malam ya tafi da shi gida, ya dawo da shi Talata ya sha jan biro, in ɗauki hoto in tura mata. Wani gyaran ta karɓa, wani ta ce a gaya wa Baba haka 'yan mata suke magana yanzu. Tela ma ya shiga layi, wai matarsa ce ke so.

Makon jiya ina neman canji a aljihun tebur na ga baƙin littafin a buɗe. Shafin ƙarshe da aka yi rubutu a da, tawadarsa ta koɗe. A ƙarƙashinsa, da sabon biro, hannun Kawu: "Malam na benci, babi na tara. Bai dawo da na takwas ba."