Wasiƙa daga Bronx: ranar da malamar Turanci ta ci ɗaya cikin biyu

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina gajiya, ina iyali, yaya zafi? Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi. Gaisuwar ta tsaya haka, don in na ce sai na bi ku gida-gida daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Ƙaura, dare zai yi ban faɗi abin da ya zaunar da ni ba.

Tambaya ɗaya ce ta ƙi ƙarewa a WhatsApp ɗina. Yaya ta yi ta, ƙawayena da muka koyar tare sun yi ta, har ƙanin maigidana ya kira ni takanas: wai da gaske ne yaran Amurka ba su san wahalar jarabawa ba, kuma yaron da ya iya Turanci in ya zo wucewa kawai zai yi? Na gaji da amsawa ɗaiɗai, shi ya sa na rubuto gaba ɗaya. Masu tambayar kuɗin haya da yadda ake shigo da yara, na ji ku, zan zo kanku in wuri ya rage.

Ga waɗanda ba su san ni ba, na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a wata makarantar 'yan mata a Katsina. Yanzu mataimakiyar malama ce ni a wata makarantar tsakiya a Bronx, cikin birnin New York. Makarantar tsakiya ita ce aji shida, bakwai da takwas, 'yan shekara 11 zuwa 14, kusan daga firamare shida zuwa aji biyu na ƙaramar sakandare a lissafinmu.

Jarabawa akwai ta, kuma doka ce. A 2002 Shugaba Bush ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowace jiha gwada yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa takwas. Obama ya sauya dokar a 2015, amma ya bar gwajin yadda yake. A jiharmu ta New York, jarabawar Turancin ana ce mata ELA, ana fara ta cikin Afrilu, zama biyu. Da zama uku ne, a 2018 aka rage. Tun 2016 kuma aka cire agogo, yaro zai iya zama muddin yana aiki, sai dai kada ta wuce tashin makaranta. Sakamako mataki huɗu ne, wanda ya samu 3 ko 4 shi ake cewa ya kai. Ba ita kaɗai ke sa yaro ya maimaita aji ba, ba kamar BECE ɗinmu ba da iyaye ke kwana da ita a zuci. Wadda ake aunawa a gaskiya makarantar ce, shi ya sa za ka ga shugabar makaranta ta fi yaran rama.

Shekarata ta farko, malamar da nake taimaka wa ta raba tsofaffin tambayoyi, don jihar tana sakin mafi yawansu kowace shekara, ba sai an je kasuwa nema ba. Ta ce mini ni ma in gwada ɗaya don in ji ɗanɗano. Gajeriyar amsa ce mai maki biyu, a kan labarin wani yaro da kakansa. Tambayar: yaya ra'ayin yaron game da kakan ya sauya? Na gyara zama na zuba Turanci irin na WAEC, jimloli masu jela, har da kalmomin da na san ita kanta sai ta duba ƙamus. Ta karanta, ta yi murmushi, ta rubuta 1. Wani yaro ɗan Dominika da ke gefena, wanda harafinsa kamar kaza ta yi tono, ya samu 2. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka tashi na tambaye ta laifina. Ta ce amsata daidai ce, amma ina hujja? Ka'idar ita ce ka faɗi abin da ka fahimta, sannan ka kawo abu biyu daga cikin rubutun da suka nuna haka. Ni daga kaina na ɗebo. Yaron nan kuwa ya koma layi na kaza ya ɗauko maganar kakan, ya koma wani layin ya ɗauko abin da jikan ya yi. Shi ke nan. Ba ruwan mai makin da dogon Turanci.

To a kan wannan ake kashe watanni. Daga dawowa hutun sabuwar shekara ajin ya zama sansanin atisaye. Akwai wata dabara da ake haddatar da su mai suna RACE, kalmar da ke nufin tsere: maimaita tambayar da bakinka, ba da amsa, kawo hujja daga rubutu, yi bayanin hujjar. Suna rera ta tare kamar 'yan makarantar allo. Ana koya musu ja layi ƙarƙashin jimla, da rubuta taƙaitawa a gefen kowane sakin layi, da soke amsoshi biyu da ba su yiwuwa kafin a zaɓa tsakanin biyun da suka rage. Ana kuma horar da su juriyar zama, yau minti ashirin na karatu shiru, mako mai zuwa talatin, don yaro ɗan shekara 12 da ya saba da waya ba ya iya zama kan rubutu shafi uku sai an koya masa. Ga dogon insha'i mai maki huɗu, wanda sau da yawa sai an haɗa rubutu biyu an kwatanta. Tun 2024 aka fara wajabta yin jarabawar a kwamfuta, aji biyar da takwas ne farko, sauran suka biyo baya, sai koyon buga rubutu ya ƙaru a kan kayan. Duk wanda ya raka ɗansa JAMB ya ga yatsu na rawa a kan madannai ya san abin da nake nufi.

Har darasin Asabar muna yi, kuma a nan sanyin ya shigo. Ku yi tunanin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Fabrairu, kina tsaye a tashar jirgin ƙasa mai bi ta saman titi, iska na yankan kunne, ƙanƙarar jiya ta zama baƙin taɓo, kin sa riga huɗu kin koma kamar buhun gero. Hunturun Katsina da muke kuka da shi, wallahi in na tuna shi yanzu dariya nake. 'Yan shekarun nan kuma azumi na faɗowa daidai watannin shirin, yaranmu na Gana da Nijar da Gini da Gambiya suna kife kai a tebur bayan azahar. An dai ba mu hutun Sallah, tun 2015 birnin ya amince da shi.

Amma abin da ya fi ci mini rai takarda ce. Da muka zo, babbar yarinyar nan tawa (kun san ba zan faɗi suna ba) shekararta tara, kuma makarantar kuɗi ta yi a gida, Turancinta tas. Na je yi mata rajista da fasfo da katin rigakafi. Aka ce sai shaidar adireshi guda biyu. Gidan da muke ciki da sunan abokin maigidana aka kama, sai da ya bar aikinsa ya sa hannu a wata takardar rantsuwa. Na koma rana ta biyu, aka ce katin rigakafin da saura, a je asibiti. Rana ta uku aka miƙo mini wani fom mai tambayar harshen da ake magana da shi a gida. Da alfaharina na rubuta Hausa a kowane layi. Ashe wannan fom ɗin ƙofa ce. Aka yi mana 'yar hira, aka shiga da yarinya wani ɗaki aka gwada ta, ita kuma ga kunya, ga ba ta saba da Turancin hanci ba, ta sunkuyar da kai tana amsawa ciki-ciki. Aka rubuta ta cikin masu koyon Turanci.

A lokacin, wanda aka sa a wannan layi, shekarar farko ana ɗauke masa ELA, amma daga nan jarabawa biyu yake yi duk bazara, ga ELA ga wata mai suna NYSESLAT, wadda ke gwada magana da saurare da karatu da rubutu. Mataki biyar gare ta, kuma ba a fita sai an kai na ƙarshe, ko a kai na huɗu a kuma samu 3 a ELA. Shekara uku muka yi a ciki. Ga ƙarin abin haushi, wanda ya shigar da bayananmu a kwamfuta ya ga Afirka ta Yamma, sai ya zaɓa mini Faransanci. Zango guda cur wasiƙun makaranta suna zuwa mini da Faransanci, ina kai wa maƙwabciyata 'yar Damagaram tana fassara mini zuwa Hausa, ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci. Sau uku na je ofis kafin a gyara.

Wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da ta daɗe a nan ta ce mini, "Ke ma dai ƙanwata, da kin rubuta Turanci kin huta." Na daɗe ina jin da na sani. Yanzu da nake ciki ina gani, ba zan ba kowa shawarar ya ɓoye harshensa ba. Yarinyar ta samu malama ta musamman da ke zama da su su biyar, kuma a wurinta ta koyi rubutun hujjar nan da ni uwarta ban iya ba. Abin da zan ce kawai, duk fom ɗin da aka miƙo miki a ƙasar nan, ki tambayi abin da ke bayansa kafin ki sa biro. Kuma kina da damar neman tafinta ta waya, kyauta.

Kada ku ɗauka su ma masu ƙasar sun yarda da jarabawar. A 2012 aka kawo wa 'yan aji takwas wani labari na abarba mai magana da ta ƙalubalanci zomo su yi tsere. Dabbobi suka goyi bayan abarba, suna zaton tana da wata dabara, zomo ya ci tsere, su kuma suka cinye abarbar. Sai aka tambayi yara wace dabba ce ta fi hikima, kuma me ya sa aka cinye abarba. Malamai ma suka kasa daidaitawa a kan amsa, jaridu suka ɗauka, aka soke tambayoyin. Da Goggo aka ba labarin, da ta ce an lalata tatsuniya, tunda babu Gizo a ciki. A 2013 aka tsananta jarabawar, kashi 31 cikin ɗari kawai suka kai. A 2015 kusan yaro ɗaya cikin biyar a jihar iyayensa suka hana shi zama, alhali gwamnatin tarayya na son kashi 95 su yi. Sakamakon kuma ba ya fitowa sai ƙarshen dogon hutu, lokacin da yaron ya riga ya bar hannun malamar da ta shirya shi.

Abin da na lura da shi a ajinmu, dabarun nan suna ɗaga yaro kaɗan, daga nan sai su tsaya. An taɓa ba mu labarin wani bincike na 1988 a wani taron horar da malamai. Aka ba 'yan makarantar tsakiya rubutu a kan wasan besbol, sai yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan suka fi masu ƙarfin karatu da ba su san shi ba fahimta. Na gani da idona. Aka kawo rubutu a kan rijiyoyi da fari, wani yaronmu ɗan Maraɗi da kullum yake baya ya zama limamin aji. Aka kawo na gudun kan ƙanƙara, ya koma kurma. Waɗanda ke samun 4 ba tare da darasin Asabar ba, in ka bincika, masu karance-karance ne, kuma masu surutu a gida.

Surutun nan shi ne inda nake tunanin gida. Mu mun tashi yaro ba ya tambayar babba "a ina kika gani?", rashin kunya ne. A ajina na Katsina, in na rubuta amsar tambayar fahimta a allo, 'yan mata saba'in su kwafe, ranar jarabawa su dawo mini da ita har da waƙafi, in ba su maki ina murna. Ban taɓa ce wa ɗaya ta nuna mini layin ba. Ƙawayena da ke aji har yanzu, na san babu kwamfuta, wani lokacin babu kujera, amma wannan tambayar ba ta cin ko kwabo. Kuma ba dole sai da Turanci ba. Yaron da aka karanta masa labari da Hausa aka ce ya faɗi dalilin da ya sa yake ganin sarki ya yi zalunci, ya kuma kawo wurare biyu, aikin ɗaya ne. Yaya, 'yan biyunki da kike biya wa lesin, ki gwada musu haka bayan isha'i.

Sai dai ku shirya wa abin da zai biyo baya. Makon jiya na ce wa yarinyar nan ita ta shanye madarar da ke firij. Ta dube ni cikin ladabi ta ce, "Umma, mece ce hujjarki? Guda biyu." Na ɗaga ludayi, sai dariya ta kama ni. Ƙaninta ne ashe.

Maganar haya, tsada ce, ɗaki biyu a nan ya isa ya ciyar da unguwa, sai wani jiƙon. Ta shigo da yara kuwa doguwa ce, kuma maigidan ya fi ni sanin kanta.

Gobe Talata za a fara. Yau mun wuni muna rufe duk abin da ke bangon aji da farar takarda don kada yaro ya ɗaga kai ya ga taimako, an kuma aika wa iyaye wasiƙa cewa a kwantar da yara da wuri, a ba su karin kumallo. Tawa ta zo da Turanci. Wanda zai taho cikin watan gobe, don Allah a ba shi kuka da daddawa, a haɗa da littattafan labarai na Hausa ko guda biyar, waɗanda na zo da su ƙaramin ya yaga bangonsu. A gaida Goggo.