Abin da na koya da na zana shagon Alhaji a kwamfuta

A shekarar ƙarshe ta karatuna a nan Damagaram ne mushe ɗinmu ya kawo mana BPMN. Kafin nan Merise muka sani, wata hanyar tsara bayanai da aiki kafin a sa su a kwamfuta, wadda Faransawa suka fito da ita a ƙarshen shekarun 1970, muna ta zana MCD da MCT, wato zanen bayanai da zanen ayyuka, a kaye har hannu ya gaji. Ita BPMN hanya ce ta zana yadda aiki ke tafiya daga hannu zuwa hannu, da'ira ita ce farko da ƙarshe, akwati shi ne aiki guda, sai wani mai kusurwa huɗu a karkace shi ne mararraba inda hanya ke rabuwa, kuma kowane ma'aikaci da layinsa kamar kunya a gona. Ƙungiyar OMG mai tsara ƙa'idojin kwamfuta ce ta fitar da BPMN 2.0 a 2011, a 2013 kuma ISO, hukumar ƙa'idoji ta duniya, ta amince da ita. Lojisiyal ɗin zanen, wato shirye-shiryen kwamfuta da ake zanen da su, suna da yawa, akwai Bonita na Faransa, akwai Camunda na Jamus, ni dai Bizagi Modeler na sauke saboda yana yin gwaji, wato ka zana aikin, ka sa minti nawa kowane mataki ke ci da mutum nawa ke yinsa, ka danna, sai ya turo maka kwastomomin ƙarya ɗari ko dubu ya gaya maka inda layi zai taru.

Da lokacin istaj, wato koyon aiki, ya zo sai na samu wuri a wani babban shagon sari kusa da kasuwar Dole, shinkafa, sukari, mai, makaroni, duk buhu-buhu da katan-katan. Damuwar Alhaji mai shagon ɗaya ce, mutane na daɗewa, wasu har su yi fushi su tsallaka shagon gaba, kuma ya riga ya yanke a ransa cewa mai karɓar kuɗi na biyu zai ɗauka.

Na zauna da jeran, wato manajan shagon, a buro ya zayyana min komai tsaf: a rubuta faktir, a biya a kes, a kai takarda sito, 'yan dako su loda. Mataki huɗu. Na zana, na sa mintocin da ya ba ni, na danna, kwamfuta ta ce babu wani layi, kowa 'yan mintoci ya tafi. Na ɗaga kai na leƙa waje, mutane sun cika baranda har bakin titi, masu amalanke na ta zuba wa jakai ido suna jira. A nan jikina ya yi sanyi, don na gane ba lojisiyal ɗin ne ya yi ƙarya ba, abin da na ba shi ya dafa.

Sati biyu na yi zaune kan buhun shinkafa da kaye da bik da agogon waya, duk wanda ya shigo in rubuta lokacin shigarsa, lokacin da ya kai kes, lokacin da kayansa suka fita. Kai, abin da na gani! Wanda zai ɗauki kaya bashi sai an kira Alhaji a waya ya ce a ba shi, in Alhaji na hanya ko rezo ya ɗauke to an tsaya kenan, kuma jeran bai faɗa min wannan ba sam, ba wai ɓoyewa ya yi ba, ya saba ne har ya daina ganinsa a matsayin aiki. Wasu 'yan wajen Magarya da Matamaye sukan zo da naira sai an tsaya lissafin canji zuwa sefa. Tsofaffin takardun kuɗi sai an ƙirga sau biyu. Azahar ta yi a rufe a tafi masallaci, a dawo a tarar da jama'a sun taru. Ranar Alhamis kuwa, ranar kasuwa, motocin ƙauye kan sauke mutane a lokaci guda kuma kowa na son ya koma kafin la'asar.

Wannan zuwa a dunƙule shi ne darasin da ya fi zauna min, matsakaicin lissafi yana rufe shi ruf. Ilimin layi tsoho ne fa, wani injiniya ɗan Danmak, Erlang, ya fara shi a 1909 kan kiran tarho a Kwapanhagan. A lissafinsa mafi sauƙi, inda mutane ke zuwa ba tsari kuma ma'aikaci ɗaya na iya sallamar mutum 10 a awa, in mutum 5 ke zuwa a awa kowa zai yi kamar minti 12, in 8 ne minti 30, in 9 ne awa guda cur. Dubi tsakanin 8 da 9, mutum ɗaya tak aka ƙara amma jira ya ninka. Shi ya sa yanzu in na ga ma'aikaci ya ɗan zauna babu aiki ba na saurin cewa asara ce, wannan 'yar sararawar ita ke shanye taron da zai zo a bayanta.

Na sake zanen, mataki huɗu ya koma goma sha wani abu, na sa lokacin salla a kalandar lojisiyal ɗin, na ware Alhamis daban. Wannan karon layin da ke allo ya yi kama da wanda ke baranda. Sai na gwada shawarar Alhaji, na ƙara mutum na biyu a kes, kusan babu abin da ya motsa, mutanen sun dai bar gaban kes da wuri sun je sun taru a ƙofar sito. A can matsalar take. Dattijo ɗaya ne ke riƙe da mabuɗi, shi zai duba faktir, shi zai ƙirga kaya a ciki, shi zai sake ƙirgawa a bakin ƙofa.

A allo na goge ƙirga ta biyu, layi ya narke, na ji daɗi ƙwarai, na sami dattijon da yamma na ce, "Baba, da za a bar ƙirgar nan ta bakin ƙofa ai da an huta." Ya daɗe yana kallona sannan ya ce, "Ɗana, akwai shekarar da buhun sukari uku suka ɓata, daga albashina aka cire, kuma wata shida ina jin ana nuna ni da baki. Kwamfutar taka ta san wannan?" Wallahi ban da amsa. Babu wani akwati a BPMN da zan rubuta mutuncin mutum a ciki, kuma da na kai wa Alhaji wancan zanen da na jawo wa dattijon nan abin da ban isa in gyara ba.

To sai na mayar da ƙirgar na nemi wata hanya. Abu biyu na rubuta a rapor ɗina: duk daren Laraba Alhaji ya ba da sunayen waɗanda ya yarda a ba bashi da iyakar kuɗin kowa, don a daina jiran waya, sannan ranar Alhamis a ba Baba mataimaki a bakin ƙofa, wanda shi da kansa zai zaɓa, mabuɗi kuma ya zauna a aljihunsa. Alhaji ya karɓi na farko nan take, na biyu sai da ya yi sati yana juya shi.

Alhamis ta ƙarshe kafin in gama istaj na iske wani yaro, ɗan ƙanen Baba, tsaye a bakin ƙofa da faktir a hannu yana ƙirga katan da ƙarfi, Baba na ciki yana amsa masa lamba, ni kuma na koma kan buhuna na buɗe kaye na ci gaba da rubuta lokaci.