Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Kwana Biyu a Ƙasar Khmer

Makon jiya mun tsaya a inda matar nan mai kamfanin ɗinki ta ce mini kayanmu ba za su haɗu ba sai nan da kwana tara. Watan Disamba ne na 2018, zuwana Bankok na uku ke nan a matsayin yaron Alhaji. Kwana tara a ɗakin haya na unguwar Pratunam, ɗaki kamar akurki, ba abin yi sai kallon silin da lissafin kuɗin abinci. A rana ta biyu har na fara ƙirga tayil ɗin banɗaki.

Wani ɗan Maraɗi mai harkar duwatsu masu daraja, wanda ya fi shekara goma a garin, shi ya cece ni. Muna shan shayi ya nuna mini wata takarda a jikin gilashin wani shagon masu shirya tafiye-tafiye: kwana biyu, dare ɗaya, a kai ka Kambodiya, ƙasar mutanen Khmer, ka ga tsohon birnin Angkor a dawo da kai, da mota da masauki da ɗan jagora. Ya ce, "Malam, ka je ka buɗe ido. Kantin Kwari ba ta gudu."

Na kira Alhaji da daddare. Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani tsohon birni a maƙwabta, ina son in leƙa kafin kaya su fito." Ya ce wane irin birni. Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "Gidan gumaka za ka ke nan. Da kuɗin wa?" Na ce da nawa. Ya ce to shi ba ruwansa, in tambayi masu ilimi. Ni ma abin yana yi mini nauyi a rai, gaskiya, don haka na kira kawuna, malamin zaure ne a unguwarmu. Ya saurare ni tsaf, ya tuna mini ayoyin da suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da ya kasance, sannan ya ce, "Ɗana, ka je da idonka, ka bar goshinka a gida. Kuma kada asuba ta wuce ka."

Wahalar farko ta takardu ce. Turawan da ke cikin tafiyar a bakin iyaka ake buga musu biza, amma mai koren fasfo irina sai ya je ofishin jakadancin Kambodiya tun a Bankok. Sannan in ka fita daga Tailan ba tare da takardar izinin sake shiga ba, bizarka ta mutu a nan take. Bat 1,000, kuɗin Tailan, na biya na karɓi wannan takardar. Da ɗan Maraɗin bai faɗa mini ba, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Da sassafe muka ɗauki hanya a wata ƙaramar bas, mu goma sha ɗaya, ni kaɗai ne baƙin fata, ni kaɗai ne da hula. Awa huɗu da wani abu muka yi zuwa Aranyaprathet, garin bakin iyaka. Kafin mu isa shingen, direba ya ratse da mu wata rumfar abinci, wani mutum mai farar riga da kati a wuya ya zo yana ba mu shawara cikin ladabi: wai a can ba a karɓar kuɗin waje, gara kowa ya canza zuwa riyal ɗin Kambodiya tun nan. Ni da na girma ina ganin 'yan canjin Wapa, ni aka yi wa sakiyar da ba ruwa. Na ba shi dala 100, ya cika mini hannu da takardu har aljihu ya kumbura, ina ta murna. Sai da na tsallaka na gane cewa dalar ce ma kuɗin kasuwa a can, riyal canji ake bayarwa da shi, wajen 4,000 a dala ɗaya. Da na zauna na ƙirga, kusan dala 20 ta bi ruwa. Ban gaya wa Alhaji wannan ba sai bayan shekara biyu.

Iyakar kanta da ƙafa ake tsallake ta. Ta ɓangaren Tailan akwai wata ƙatuwar kasuwar gwanjo, Rong Kluea, mutane na jan kurar katako maƙare da dila-dilan kaya, zufa na zuba, sai ka rantse Jibiya kake. Kana wuce shingen farko kuma sai manyan gidajen caca masu ƙyalli, domin an hana caca a Tailan, a lokacin masu yi sai su taka su zo nan Poipet, garin iyaka na ɓangaren Kambodiya, su zubar da kuɗinsu su koma. A can gaba ga wata ƙofa da aka yi wa hasumiyoyi irin na Angkor. A nan aka sauya mana mota, aka sauya hannu ma: Tailan hagu suke bi, Kambodiya dama, irin namu.

Daga Poipet zuwa Siem Reap, garin da ke kusa da Angkor, kilomita 150 ne ko kusa da haka, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. Ana girbin shinkafa. Fararen shanu masu tozo, ramammu, suna kiwo a gefen titi, gidaje a ɗage bisa dogayen ƙafafun katako saboda ambaliya. Abin da ya sa na manna fuska a gilashi shi ne giginya. Ko'ina giginya, tsaye ɗaya-ɗaya a tsakiyar gonaki. 'Yar'uwar tamu ce, sai dai su ruwan furenta suke tara su dafa ya zama mazarƙwaila. A wani tsayawa na sayi shinkafa da wake da aka gasa cikin gora da ruwan kwakwa, ana ɓare goran kamar rake. Kusa da mai shinkafar wata mata na da tire cike da soyayyen gyare. Turawa suka kewaye ta da kyamara suna yatsina fuska. Ni da na tashi da fara mai yaji, dariya kawai nake yi.

Ɗan jagoranmu na can saurayi ne siriri mai riga ruwan ƙasa. Tun a mota ya gaya mana cewa sunan Siem Reap ana fassara shi da "an ci Siyam da yaƙi", Siyam kuwa tsohon sunan Tailan ne. Ya faɗa yana murmushi, amma murmushin nan da magana a cikinsa. Wannan yankin ya fi shekara ɗari a hannun Siyam, sai a 1907 ya dawo, lokacin Faransa na mulkin Kambodiya. Rigimar ba ta mutu ba. Wani wurin bauta da ke kan iyaka, Preah Vihear, sai da kotun duniya ta yanke a 1962 cewa na Kambodiya ne, kuma a 2025 da na ga labarin sun sake ɗaukar bindiga har an rufe hanyar nan da na bi, saurayin nan ne ya faɗo mini a rai.

Da magariba na tambayi wani mai tuk-tuk, wato babur mai jan ɗan keken fasinja, inda zan samu halal. Ya dubi hulata ya ce, "Assalamu alaikum." Ashe ɗan ƙabilar Cham ne, Musulmin ƙasar. Ya kai ni unguwarsu, na yi ƙasaru a masallacinsu, na ci kifi da shinkafa a wata rumfa. Wani tsoho ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Mai tuk-tuk ɗin ya fassara mini kaɗan: a zamanin mulkin 'yan gurguzu na Khmer Rouge, daga 1975 zuwa 1979, an rusa masallatai, an ƙona Alƙur'anai, an tilasta musu cin naman alade, an kashe malamai. Tsohon bai ƙara komai ba, ya tura mini kwanon shinkafa gabana.

Ƙarfe huɗu da rabi aka buga mana ƙofa. A wurin sayen tikiti aka ɗauki hotona aka buga a jikin takardar, dala 37 na yini ɗaya, sama da naira 13,000 a canjin lokacin. Kowa na gaggawar kama wuri don ganin fitowar rana. Ni kuma na tuna maganar kawu, na tsaya a filin ajiye motoci, na yi alwala da ruwan gora, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rawanina a gefen wani tuk-tuk. Ina sallamewa na bi ayari cikin duhu da fitilar waya. Ƙarar ruwa nake ji dama da hagu ban san faɗinsa ba, sai da gari ya fara wayewa na ga abin da na tsallaka: gwalalo ne da aka haƙa da hannu, faɗinsa mita 190, ya kewaye ginin Angkor Wat, babban wurin bautar nan, gaba ɗaya.

Hasumiyoyin suka fito baƙi ƙirin a gaban jan sama, giginyu tsaye a gefensu. Su ne a jikin tutar ƙasar. Ɗan jagora ya ce Sarki Suryavarman na biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina shi don abin bautar Hindu da suke kira Vishnu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha. Da na ji shekarar sai na yi tsam. A makaranta an koya mana cewa Sarkin Kano Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar Kano. Ashe lokacin da kakanninmu ke kwaɓa ƙasa suna ɗora tubali a gindin Dala, waɗannan suna janyo dutse daga tsaunin Kulen, tafiyar kusan kilomita 40. Na shafa bangon waje, ja ne mai ramuka-ramuka. Marmara ce, irin wadda muke tuntuɓe da ita a gona. Da ita suka yi tushe da katanga, suka lulluɓe ginin da dutse mai laushin sassaƙa, ba siminti, ba laka, dutse kan dutse, ko reza da ƙyar ta shiga tsakani. Na hau har saman, matakalar a miƙe take kamar tsani. Inda ake kunna turare ana durƙusawa kuwa na ratsa ta gefe, ba wanda ya ce mini don me.

Amma ba Angkor Wat ne ya tsaya mini a rai ba. Wani wurin bauta ne mai suna Bayon, a tsakiyar birnin Angkor Thom, wanda Sarki Jayavarman na bakwai ya gina bayan mayaƙan Cham sun ci garin a 1177, wato kakannin mutumin da ya kai ni masallaci jiya. Birnin murabba'i ne, kowane gefe kilomita 3, ƙofofi biyar. Jama'a duk sun ɗaga kai suna ɗaukar hoton manyan fuskokin dutse, wajen ɗari biyu, kowacce da ɗan murmushi. Ni kuma zafi ya kore ni inuwar bangon ƙasa, can na tarar da abin da ban zata ba. Sama-sama an sassaƙa yaƙi, giwaye da jiragen ruwa, kada ya cafke wanda ya faɗa ruwa. Amma a layin ƙasa, daidai gwiwata, kasuwa ce. Ga mace zaune da kifinta ana ciniki. Ga maza sun yi da'ira ana haɗa zakaru faɗa, ana sa kuɗi. Ga masu girki da tukwane a kan wuta, ga mai gasa nama a tsinke, ga mace na naƙuda ana riƙe da ita, ga wata na duba wa wani kwarkwata. Ga keken shanu, sak irin wanda muka wuce a hanya jiya.

Na tsuguna gaban mai kifin nan na fi minti goma. Na san wannan zaman. Na san yadda ake karkata kai idan mai saye ya yi tayin wulaƙanci. Ɗan jagora ya zo ya same ni, na tambaye shi ina gidajen waɗannan mutanen suke. Ya nuna dajin da ya kewaye mu. Ya ce dutse na abin bauta ne kawai. Talaka da attajiri, har sarki kansa, a katako suke kwana, duk gara da damina sun cinye. Wani jakadan Sin da ya zauna a birnin a 1296 ya rubuta cewa mata ne ke riƙe da ciniki a kasuwarsu. Bayan sojojin Siyam sun ci birnin a 1431, fada ta koma kudu. Abin da ya rage na mai kifin shi ne wannan tafin hannu guda na dutse, shi ma don wani magini ya ga dama ne.

Wurin bauta na Ta Prohm a gurguje muka yi shi, rana ta take. Sarki Jayavarman ɗin nan ya gina shi a 1186 don mahaifiyarsa, yanzu saiwoyin itatuwa sun kwanta a kan bango kamar an zubo narkakken kitse, mutane na layi don hoto. A hanyar shiga wasu maza na zaune a tabarma suna kiɗa da goge irin nasu, ƙafafun roba jingine a gefe. Nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi ne suka yi musu haka. Na zaro damin riyal ɗin nan da aka cuce ni da shi na zuba rabi a kwanonsu, ko ba komai ya yi rana.

Ƙarfe biyu muka kamo hanya. A shingen Tailan jami'in ya daɗe yana juya fasfona, ya dubi takardar izinin nan, ya dube ni, ya buga hatimi. Sai wajen goma na dare muka shiga Bankok, ƙafafuna sun yi jajir da ƙurar marmara. Ina kunna waya saƙonni suka shigo a jere: kira bakwai daga Alhaji, ɗaya daga matar kamfanin ɗinki. Na fara kiran Alhaji. Ko gaisuwata bai amsa ba ya ce, "Ka gama ziyarar? To maza ka je wurin matar nan da safe. Ta ce kaya sun fito, amma kalar da ta turo mini a hoto ba ita muka biya ba."

Yadda muka kwashe da ita, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.