Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Albasar Baba da kuɗin rajista

A makon jiya na tsaya a ranar da sunana ya fito a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Murnar ba ta kwana biyu ba, domin da na lissafa kuɗin rajista da na ɗakin kwana da na takardu, sai jikina ya yi sanyi.

Mu mutanen fadama ne a ƙasar Wurno, albasa ce arzikinmu. Duk manomi ya san ba a sayar da ita da kaka. Rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ake zuba ta, a riƙa juyawa ana tsince ruɓaɓɓu, har ƙarshen shekara lokacin da take tsada. Wannan jiran shi ne ribar noman gaba ɗaya. To, rajista ba ta jiran albasa ta yi tsada.

Bayan sallar asuba na ga Baba ya buɗe rudun da kansa. Ya daɗe a tsaye yana murza wata albasa a hannu, ɓawon na zuba a kan takalminsa. Na ce, “Baba, a bari sai baɗi.” Ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Ɗauko buhunna, ɗiyana. Wagga albasa don wa aka noma ta?” Buhu 12 muka ɗura, dillali ya saya yadda ya ga dama, don ya ga matsuwa a fuskarmu. Har yau in na ji warin albasa a kasuwa, wannan safiyar nake tunawa.

Duk da haka kuɗi ba su cika ba. Inna ta roƙi uwar adashi a ba ta kwasar farko, ta kuma sa aka kai ragon da take kiwo don Layya kasuwar Achida. Da haka na shiga Dundaye, inda jami'ar take.

A 2024 aka buɗe rancen ɗalibai na gwamnatin tarayya, wato NELFUND. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, a ba shi naira 20,000 duk wata na abinci, babu ruwa a kai, kuma ba a fara biya sai shekara 2 bayan bautar ƙasa. Ni na ga mafita, Baba kuwa da ya ji kalmar bashi sai ya ɗaure fuska. A ganina yana da hujja, don ya ga gonakin da bashi ya cinye a garinmu. Sai da muka je wurin liman, na karanta musu sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, aka tabbatar babu riba, sannan ya ce in cike.

Na zauna a shagon kwamfuta da lambar NIN da BVN da ta JAMB, na gama shigar da komai, sai aka ce ranar haihuwata ba ta zo ɗaya a takardun ba.

Yadda na yi da wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.