Reshen sama ba ya yin saiwa

Jiya na tarar da ɗan ƙanwata a lambu da almakashi, yana datse rassan ƙololuwar tuffar da ta fi kowace 'ya'ya, ga ledoji ya jera cike da ƙasa. Na ce, "Kai yaro, me ke nan?" Ya ce, "Kafe su zan yi, Kawu." Sai da gabana ya faɗi.

Haka na yi a wani lambu kusa da Jos. Rassa sun fi ɗari biyu na yanko daga sama, don a tunanina reshen da ke haihuwa shi ne nagari. Suka fito da ganye shar, har na fara lissafin kuɗi. Bayan wata biyu duk suka bushe. Na tumɓuke, ko silin saiwa babu, ashe abincin da ke cikin itacen suka cinye. Amma a yi min adalci: mu da muka tashi da rogo da cediya, ka soka a ƙasa ka yi tafiyarka, wa ya gaya mana tuffa daban take? Ko da yake wani dattijo ya faɗa min, ban ji ba.

Reshen sama ya riga ya balaga, fure ya sani, saiwa tana yi masa wuya. Gindin kuwa, duk da shi ya fara zuwa duniya, shi ke riƙe da ƙuruciya. Shi ya sa gindunan aure, wato waɗanda ake ɗaura wa reshen wata tuffar, irin su M9 na East Malling a Ingila, sare su ake yi har ƙasa, sabon toho ya fito, a tara masa ƙasa ya yi saiwa.

Da na ji haka sai na zarce. Na kwashe tohon gindi na dasa, ya kama kuwa. Ashe ba irin da nake so ba ne, na gindin da aka yi wa aure ne. Shekaru ina ban ruwa, 'ya'yan suka zo ƙanana, ga tsami.

To, ku rabu da reshen sama. A'a, ku yanke shi, amma don aure: a ɗaura shi kan gindi mai saiwa, cikin shekara biyu zuwa huɗu ya haihu. Ku dai ba ku da haƙurin koyon ɗauri, komai sai bidiyon minti ɗaya. Ina cikin bayani yaron nan yana latsa waya, ledojin kuma har yanzu suna nan a jere.